WANKAN KARE A GIDAN MUSULMI: BOKITIN INNA DA HAƘƘIN DABBA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga karatu tsakanin Magariba da Isha'i, wani saurayi daga wajen Sifawa ya jira har kowa ya watse, sannan ya matso ya durƙusa ya ce: "Allah shi gafarta Malam, tambaya gare ni amma kunyar yin ta nike cikin jama'a." Na ce Bismillah. Ya ce, "Kare na wanke, gidanmu ya rikice."

Ga yadda abin ya faru. Sau biyu ana haura musu katanga ana kwance ragunan da suke turkawa don Sallar Layya, sai mahaifinsa ya samo kare ya ɗaure a bayan gida. Aka daina sata. Amma da damina ta kankama sai kaska ta cika wa karen kunnuwa, ga wari, ga susa dare da rana. Yaron nan ya ji tausayinsa, ya ɗauki bokitin wankin mahaifiyarsa ya cika da ruwa, ya wanke shi a tsakar gida. Kun dai san halin kare in ya jiƙe: sai ya girgije. Ruwan ya fantsama har kan dardumar Inna da ke shanye a igiya. Inna ta ce bokitin nan ya haramta gare ta har abada, darduma sai dai a ƙona, shi kuma sai ya yi wanka sau bakwai da ƙasa ya rama sallolin kwana uku. Baba ya ce shi dai a Malikiyya ya tashi, kuma bai taɓa jin kare najasa ne ba. Kwana huɗu ke nan Inna ba ta amsa gaisuwar yaron da sakin fuska.

A makon nan kuma wata baiwar Allah daga yankin Shagari ta turo mini saƙo. Maigidanta mafarauci ne, ya dama maganin feshin gona a ruwa ya wanke karnukansa don kashe kaska. Ɗaya ya mutu kafin Azahar, kuma yaron da ya riƙe masa su ya wuni yana amai. Tambayarta ita ce: akwai alhaki?

Waɗannan tambayoyi biyu su suka sa na ga ya kamata mu zauna a kan mas'alar. Wani zai ce Malam, duk matsalolin da ke damun al'umma sai wankan kare? To ai a cikinsa akwai sallar mutum, akwai fushin mahaifiya, akwai ran dabba, har da ran ɗan Adam kamar yadda za ku gani.

KAFIN WANKA: ME YA KAWO KAREN GIDANKA?

Nan ne farkon zance. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira da Abdullahi ɗan Umar (Allah Ya yarda da su) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi a kan riƙon kare ba da dalili ba, inda ya bayyana cewa mai yin haka ana rage masa lada kullum, a wata ruwaya ƙiraɗi ɗaya, a wata biyu. Aka togace karen farauta, da na kiwo, da na gona. Saboda haka Bafulatanin da karensa ke bin garke, da manomin da ya ajiye shi a bakin lambu, da mafaraucin da ke neman abinci da shi, duk suna cikin izini da nassi.

Sai karen gadin gida, wanda shi ne ya fi yawa yanzu a garuruwanmu. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san a ƙarshe-ƙarshenta malam ya hana ajiye kare a gidaje, na birni da na ƙauye, sai don shuka ko dabbobi ko farautar neman abinci. Amma masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, katangar gidansa ta taɓa faɗuwa a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya ba da amsar da ke nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, zaki ma sai ya ajiye. Ibn Abdil Barr daga cikin Malikiyya, da Imam Nawawi daga cikin Shafi'iyya, duk sun tafi a kan halascin karen gadi idan akwai buƙata ta gaske, bisa ƙiyasi da waɗancan ukun. Wanda aka kwance wa raguna sau biyu ba ya buƙatar doguwar hujja.

Abin da ban ga masa mafita ba shi ne sabon yayin da ya shigo wa wasu samarinmu: a sayo karen Turawa da kuɗi masu nauyi, a sa masa suna, a ɗauke shi hoto a kan kujerar falo a watsa a Facebook, ba gadi ba farauta, sai dai a ce wane ya waye. Wannan shi hadisin ragin lada ya fi shafa kai tsaye. Kuma ko ta fuskar tausayi abin dubawa ne. Kare mai gashi buzu-buzu da aka halitta don ƙasar sanyi, ka kawo shi Sakkwato inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, me ka yi masa in ba azaba ba? Kare ba ya zufa kamar mutum, da lallage harshe da haki yake rage zafin jikinsa. Mai irin wannan kare, tambayarsa ba ta wanka ba ce, ta tuba ce da neman inda karen zai yi amfani.

Amma idan riƙon ya halatta, to ka sani ka ɗauki amana. Hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah Ya gafarta masa, sananne ne. Haka na macen banza daga Bani Isra'ila da aka gafarta wa saboda irin wannan aiki. Haka na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kai da ka ɗaure kare da sarƙa yana kwana a farke don kai ka yi barci, ka bar kaska tana tsotse masa jini har ya rame ƙashin haƙarƙarinsa ya fito, kana jin ba za a tambaye ka ba? Mu a nan an saba kallon kare a matsayin abin jifa. Yara su jefe shi, manya su yi dariya. Ba daga Musulunci muka samo wannan ba. Don haka abin da yaron nan ya yi na wanke karen, asalinsa aikin lada ne. Inda ya yi kuskure daban, za mu zo wurin.

SHIN KARE NAJASA NE?

A nan malamai suka rabu, kuma kowa da hujjarsa.

Imam Shafi'i da Imam Ahmad, a mashhurin mazhabobinsu, suna ganin kare najasa ne gaba ɗayansa, yawunsa da gashinsa da guminsa, kuma najasa mai kauri. Hujjarsu hadisin Abu Huraira da ke umarni da wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikinta, wanda a ruwayar Muslim aka ƙara cewa na farko a yi shi da ƙasa. Suka ce ba a tsananta wanki haka ba sai don najasa, kuma in baki najasa ne to sauran jiki ma haka. A wurinsu in jiƙaƙƙen kare ya taɓa rigarka, ko ka taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, sai ka wanke wurin sau bakwai ɗaya da ƙasa. In kuwa busasshe ya haɗu da busasshe, babu komai ko a wurinsu. Hanbaliyya sun sauƙaƙa cewa sabulu na iya tsayawa a madadin ƙasa.

Hanafiyya suka ce yawun ne najasa, gashin kuwa mai tsarki ne. Shaikhul Islam Ibn Taimiyya ma wannan ya rinjayar.

Sai Imam Malik, wanda littattafan mazhabarsa ne aka karantar a wannan ƙasa tun kafin jihadi, kuma su Shehu Usmanu ya karantar a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, su ƙaninsa Malam Abdullahi ya karantar a nan Boɗinga. A wurin Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har da gumi da yawu da hawayensa, kuma kare bai fita daga wannan ƙa'ida ba. Hujjojinsa masu ƙarfi ne. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah Ya halatta mana cin abin da karnukan da aka horar suka kamo mana, alhali da baki kare ke kamu, kuma ba a ce a wanke inda haƙorinsa ya taɓa ba. An ruwaito a Mudawwana Malik yana mamakin yadda za a ci abin da kare ya farauto sannan a ƙyamaci yawunsa. Sannan ga maganar Ibn Umar a Bukhari cewa a zamanin Annabi (SAW) karnuka na shiga masallaci suna fita, ba a bin sawunsu da ruwa.

To hadisin wanki bakwai fa, Malikiyya sun jefar da shi? A'a. Sun karɓe shi, amma suka ce umarni ne na bauta, wato abin da ake bi don an yi umarni da shi, ba don najasa ba. Dalilinsu: najasa ba a ƙayyade mata adadi, da zarar ta gushe shi ke nan, fitsarin ɗan Adam ma ba a ce a wanke shi sau bakwai ba. Shi ya sa a Mukhtasar na Shaikh Khalil za ka tarar wankin mustahabbi ne, ya keɓanta da mazubin ruwa da kare ya sa harshe ya sha, a zubar da ruwan a wanke sau bakwai, ba sharaɗin niyya, ba sharaɗin ƙasa. Bai shafi ƙwaryar abinci ba, bai shafi babban tafki ba. Alwala da ɗan ruwan da kare ya sha kuwa makaruhi ce in akwai wani.

Amma a lura da kyau, don a nan masu cewa "ai mu Malikiyya ne" suke zarcewa. Fitsarin kare da kashinsa najasa ne a Malikiyya ma. Jinin da ya kwarara najasa ne. Mushen kare najasa ne. Kuma kare dabba ce mai son birgima a juji da kan mushe. Idan akwai irin wannan ƙazanta a jikinsa, kuma ruwan wankan ya canza launi ko wari saboda ita, to ruwan ya najastu, duk inda ya taɓa sai a wanke. Ba don kare ba, don abin da ke jikin karen.

Yanzu mu koma gidan su yaron nan da wannan awo.

Sallarsa: ingantacciya ce. Taɓa kare ba ya warware alwala a dukkan mazhabobi huɗu, balle ya wajabta wanka. Babu malamin da ya ce mutum ya yi wanka sau bakwai da ƙasa. Mafi tsananin ra'ayi ma wurin da ya jiƙe kawai ya ce a wanke. Babu ramuwar salla a kansa a mazhabar da yake bi, matuƙar ba fitsari ko kashi ne ya taɓa tufafinsa ba.

Bokiti: na tambaye shi, karen ya sa baki ya sha a ciki? Ya ce ya ɗan lasa. To a wanke sau bakwai, in an sa ƙasa a na farko an haɗa ruwayoyin duka, shi ke nan ya koma bokiti. Bai haramta ba.

Darduma: a wanke ta a shanya. Ƙona ta ɓarnar dukiya ce.

Ta fuskar hukunci ke nan Baba ya fi kusa da daidai. Amma ni ban ga laifin Inna ba yadda yaron ya zata zan gani. Ƙyamar da take ji ba jahilci ba ce zalla, tana da tushe a maganar manyan malamai, kuma kishin sallarta ne ya motsa ta. Sannan bokitin nata ne. Abu ya zama mai tsarki a fiƙihu bai ba ka damar ɗaukar kayan mahaifiyarka ka yi abin da ka san ranta zai ƙi ba. Majina ma ai tsarkakakkiya ce, amma wa zai yarda ka fyace a mayafinsa? A nan yaron ya yi kuskure, kuma na gaya masa.

Abin da nake ba da shawara, kuma shi nake ganin ya fi kusa da tsentseni, shi ne mutum ya fita daga saɓani tun da fitar ba ta da tsada. Kare ya samu bokitinsa da kwanonsa da tsummansa, a yi musu alama, kada su haɗu da na gida. Mai wankan ya samu wata tsohuwar riga da wando na wannan aiki kaɗai, in ya gama ya tuɓe ya wanke hannu da ƙafa sau bakwai, ɗaya da ƙasa, sannan ya bi da sabulu. Wanda ya yi haka, sallarsa ta inganta a wurin Malik da Shafi'i baki ɗaya, kuma ba mai kallonsa a sahu yana matsawa.

Wurin wankan ma abin lura ne. Hadisin Abu Ɗalha a Bukhari da Muslim ya nuna mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare ko hoto, kuma Muslim ya ruwaito yadda Jibrilu ya jinkirta zuwa wurin Annabi (SAW) saboda ɗan kwikwiyon da ya shige ƙarƙashin gado. Malamai sun ce mala'ikun rahama ake nufi, ban da masu rubuta ayyuka. Khaɗɗabi yana ganin karen da aka yi izini da shi bai shiga ciki ba, Nawawi kuma yana ganin hadisin ya game kowane kare. Tun da haka ne, me zai sa ka yi caca da rahama? Wurin kare bayan gida ne ko garka ko kusa da turken dabbobi, a yi masa 'yar rumfa. Can zai ci, can zai kwana, can za a wanke shi. Ba a makewayin da iyali ke wanka ba, ba a gindin randa ba, ba kusa da madafa ba.

RUWA DA MAƘWABTA

A yawancin ƙauyukanmu na Boɗinga da Shagari ruwan gida da guga ake jawo shi, ko a bi layin famfon tuƙa-tuƙa, ko a saya a jarka. Sau da yawa mata da yara ne ke wannan wahala. Ka zo ka kwashe abin da suka tara ka juye wa kare, dole a yi rigima, kuma su ke da gaskiya. Anas (RA) ya ba da labarin cewa Annabi (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, wanka kuma da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. In shugaban halitta wannan ya ishe shi, karen gida bokiti ɗaya ya ishe shi, biyu in ya yi yawa. Kuma wanda zai yi wankan shi ya kamata ya ɗebo.

Kada a yi a bakin rijiya, don ruwan na komawa ciki. Kada a saki ruwan ya bi kwata ya kwanta a ƙofar maƙwabci ko hanyar masallaci. Masu kai karnuka bakin madatsar ruwa ta Shagari ko gulbi, su nisanci mashayar mutane da dabbobi: a ɗebo ruwan a koma tudu. Musamman in an sa magani, domin yawancin magungunan kaska suna kashe kifi, kuma akwai masu cin abinci da kifin nan.

YADDA AKE YI, DA ABIN DA BA A YI

Ni ba likitan dabbobi ba ne, amma abin da likitocin ke faɗa a fili yake. Kare ba ya buƙatar wanka kullum. Yawan wanka na wanke maiƙon fatarsa ta bushe ya kama susa. Kamar sau ɗaya a wata ya wadatar, sai in ya yi birgima a ƙazanta. A zaɓi lokacin da rana ta ɗaga, kada a yi da sanyin asuba a lokacin hunturu. Kwikwiyon da bai kai wata biyu ba a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kawai, sanyi na iya kashe shi. A ɗaure shi gajere kafin a fara, wanda ya saba da shi ya riƙe, in mai cizo ne a sa masa takunkumi ko a ɗaure bakin da ƙyalle mai laushi. A fara daga wuya a gangara, a kiyaye ido da cikin kunne. A ɗauraye sabulun sosai. Sannan a ja da baya, don girgizar nan ba makawa sai ya yi ta.

Abin da ba a yi kuwa, shi ne amsar baiwar Allah ta Shagari. Maganin feshin gona, da piya-piya, da kananzir, da baƙin man inji da wasu ke shafa wa kare mai ƙazuwa, duk guba ne. Suna ratsa fata, kuma kare na lasar jikinsa. Suna ratsa fatar mai wankan ma, balle ƙaramin yaro. Dalalar yawu, rawar jiki, amai da numfashi sama-sama bayan irin wannan wanka alamun guba ne, a dabba ko a mutum. A wanke jiki da ruwa mai yawa da sabulu, a cire tufafin, a nufi asibiti da kwalbar maganin a hannu. Ko maganin kaskar shanu na gaskiya yana da ma'aunin da ake dama shi, kuma na saniya daban na kare daban. Omo da Izal ma suna ƙona fata.

Shin akwai alhaki a kan mafaraucin? Bai yi nufin kisa ba, gyara ya nufa, muna fatan Allah ba zai kama shi da laifin ganganci ba. Amma akwai sakaci, domin tambaya ba ta gagare shi ba. Akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi a ƙananan hukumomi, akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Sakkwato, kuma daga Boɗinga zuwa can ba wata tafiya ba ce. Ya yi istigfari, kada ya sake, kuma sa yaro cikin aikin ya fi mutuwar karen nauyi a wurina.

Wani abin da mutane ba su gane ba: wanka kaɗai ba ya raba kare da kaska. Kaskar kare a tsagar bango da ƙarƙashin tarkace take ɓuya, uwa ɗaya tana zuba ƙwai dubbai. Ka wanke shi yau, ka mayar da shi makwancinsa, jibi ta dawo. Sai an share wurin, an ƙona tsummokaran, an liƙe tsagogin. Wadda aka cire daga jikinsa a kama ta daf da fata a zare a hankali, a jefa a wuta, kada a murtsuke ta da yatsa. Kuma a riƙa ba shi maganin tsutsar ciki, a daina jefa masa ɗanyen huhu da hantar dabbar da aka ga ƙulli mai ruwa a jikinsu lokacin fiɗa, domin ta nan wata tsutsa ke shiga cikin kare, ƙwanta ya fito a kashinsa ya manne a gashinsa, ya koma cikin ɗan Adam ya yi masa ƙulli a hanta. Wanke hannu bayan taɓa kare ba sai an jira fatawa ba.

BABBAN HAƊARIN

Duk abin da na faɗa a sama mai sauƙi ne a kan wannan. Mun shagala da gardamar yawun kare najasa ne ko ba najasa ba, alhali a cikin yawun nan ne ciwon haukan kare yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. Yakan yi wata biyu zuwa uku a jiki shiru, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, mutum ya manta ma an taɓa cizonsa.

Lokacin wanka kuwa shi ne lokacin da hannunka ya fi kusa da bakin kare, kuma shi ne lokacin da ya fi jin haushi. Ba sai cizo mai zurfi ba. Yaƙushi, ko lasa a kan rauni, ko a kan fason hunturu da ya tsage, ko yawu ya faɗa ido, duk hanya ce. Mai rauni a hannu kada ya wanke kare. Yara kada su riƙe.

Karen da ba a yi wa allurar rigakafi ba, fara da allurar kafin sabulu. Ana yi masa tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a nan gida Najeriya Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa ta. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, a irin lokacin a sa kunne, akan samu gangamin allura. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar yawu, yana cizon itace da ƙarfe, muryarsa ta canza, ko ya yi lakwas bakinsa a sake, kada ka ce datti ne bari in wanke shi, kuma kada ka zura hannu a bakinsa wai ƙashi ne ya maƙale masa. A tsare shi a kira ma'aikacin dabbobi.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, cizo ko yaƙushi, to nan take a wanke wurin da ruwa mai gudana da sabulu na tsawon minti 15, a duba agogo, ba a ƙiyasta ba. Sannan a tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi, a kuma cika adadin da aka rubuta. Kada a tsaya tsige gashin karen ana ƙonawa ana shafawa. A yi tofi, a yi addu'a, wannan sunna ce, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Karen kuma in na gida ne a tsare shi a sa masa ido kwana 10, abin da aka gani a sanar da likita. Ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura.

Na tambayi saurayin nan ko an taɓa yi wa karensu allura. Ya ce shi bai ma san ana yi wa kare allura ba. Na duba hannunsa, alhamdu lillahi babu ƙwarzane. Na ce to gobe ka sayo wa Inna sabon bokiti da kuɗinka, tsohon ya zama na kare, ka wanke mata dardumar da hannunka, ka durƙusa ka ba ta haƙuri ba tare da ka ce mata "Malam ya ce ke ce ba ki da gaskiya" ba. Maganar salla kuwa ka bar wa Baba ya yi mata bayani a tsanake. Jibi ka nemi ma'aikacin dabbobi.

Ya ce, "To in ta ce sai an kori karen fa?" Na ce wannan tsakaninta da Baba ne, kai ba ka da bakin magana a ciki.

Wallahu a'alam.